Takalmin Aliyo a Cikin Buhun Albasa

Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, makonni kaɗan bayan an gama cirar albasa. Muna cikin ɗakin wankin miki na gidan likitan da ya fi kusa da ƙauyenmu, a ƙasar Karofane. Mu biyar ne: ni, da mahaifiyarmu Inna, da ƙanena Aliyo a kan gado, da matarsa Hajara, da majo, shugaban ma'aikatan gidan likitan. Majo ya sa almakashi ya yanke tsumman da aka naɗe ƙafar hagu ta Aliyo da shi. Kafin mu ga komai, wari ya cika ɗakin. Inna ta kai gefen mayafinta hanci, sai ta ji kunya ta sauke. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, tafin ƙafar ya buɗe har ana hango fari a ciki. Majo ya ɗauki wani ƙarfe ya danna wurin, ya tambayi Aliyo ko yana jin zafi.

"Ko kaɗan," in ji Aliyo, yana murmushi, idonsa a kan rufin ɗakin. "Ai na hwaɗa muku. Ni na hana shi zahi."

Majo ya dube ni, ni ma na dube shi. Mikin bai tsorata ni ba kamar yadda murmushin nan ya tsorata ni.

Aliyo ya ba ni izini in rubuta wannan, don kada wani gida ya bi hanyar da muka bi.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kamar yawancin samarin Adar, ya tafi bida, wato neman kuɗi, a Abijan, ya yi shekaru yana dako a kasuwa. Ya dawo da ɗan jari, da kuma wata ɗabi'a ta sauraron wani mutum mai aiko saƙonnin murya a salula. Ban san sunan mutumin ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Karatunsa ɗaya ne, kullum yana juya shi: abin da ka sa a ranka, ka kuma faɗa da bakinka, shi za ka zama. Wanda ya ambaci talauci ya kira talauci. Wanda ya ambaci ciwo ya buɗe masa ƙofa.

Aliyo ya ɗauki maganar da gaske. A bangon ɗakinsa ya zana motopom da gawayi, injin ban ruwan da yake mafarki, kusa da shi kuma rudu uku, irin rumbunan karan da ake ajiye albasa a ciki har ta yi tsada. Kowace safiya bayan sallar asuba sai ya tsaya gaban zanen ya ce shi Aliyo yana da lafiya, yana da motopom, albasarsa ba ta fita sai damina. Mutane sun yi dariya. Abokansa suka laƙaba masa Alhaji Gawayi. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya karɓi aron fili a fadama, ya haƙa rijiya da hannunsa, ya daina zaman shayi, kafin a ankara ya gina biyu daga cikin rudun nan uku. Waɗanda suka sa masa suna su ne suka koma zama a ƙofar gidansa suna tambayar yadda ake yi. Ba zan ce abin bai amfane shi ba. Ya amfane shi, kuma ni kaina na yi alfahari da shi.

Sai dai ya kafa doka a gidansa. Ba a cewa ba zai yiwu ba, ba a cewa an gaji, ba a ambaton ciwo. Dokar ba ta zo wa kowa a baƙuwa ba, domin dama mu mutane ne masu tsoron baki. Tun muna yara Inna ba ta yarda a ce yaro ya rame a gabansa. Kuma a wurinmu ko mutum numfashi yake da ƙyar, in aka ce yaya jiki, amsarsa da sauƙi. Karatun mutumin salula ya zo ya tarar da wuri a share.

Daga baya, da na zauna da Hajara, na haɗa yadda abin ya faro. Tun lokacin sanyi Aliyo yake shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fita fitsari, yana ramewa duk da yana cin tuwo kamar mutum biyu. Ya ce aiki ne. Hajara ta lura kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari a bayan ɗaki. Ta gani, ta yi shiru.

Ana cikin cirar albasa ƙayar shinge ta huda takalminsa na roba, ta shige masa tafin ƙafa. Bai sani ba, sai da yamma Hajara ta ga jini a sawunsa, ta zaro ƙayar da allura. Ya ce bai ji komai ba, kuma wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. A ganinsa hujja ce ta cewa zuciyarsa ta fi ƙarfin jikinsa. Har ya ba samarin ƙofar gida labari.

A mako na biyu ƙafar ta kumbura. Ya sa reza ya tsaga takalmin don ta shiga, ya ci gaba da jidar albasa zuwa rudu. A mako na uku ta fara ruwa da wari. Inna ta riƙa barbaɗa mata garin bagaruwa, ba tare da ta taɓa kiran abin da sunansa ba. Sai dai ta ce wurin. Hajara ta yi ƙarfin hali sau ɗaya ta ce a je gidan likita. Amsar da ya ba ta ita ce ta rufe mata baki har tsawon wata guda.

"In kinka hwaɗi mugun abu bisa ƙahwar nan, kuma ya auku, ke kinka jawo shi."

Ni a Madawa nake aiki, a wani gidan rediyo. Inna ta taɓa ambata mini cewa ƙaya ta soki Aliyo, don haka duk Juma'a in na kira sai in tambaya. Aliyo ya ce garau yake. Inna ta ce da sauƙi. Hajara ta ce da sauƙi. Babu wanda ya yi niyyar yi mini ƙarya. Haka ake amsawa, ni ma haka nake karɓa.

Kowace shekara Aliyo yakan aiko mini buhun albasa. A wannan karon Hajara ce ta ɗinke bakin buhun ta ba direban motar kasuwa. Da na kwance, a saman albasar akwai takalmin roba ƙwaya ɗaya, na hagu, an tsaga shi daga baki har hanci. Cikinsa ya bushe da wani abu da ba jini kaɗai ba ne. Na daɗe ina juya shi a hannu. Na kira Hajara, muka gaisa, na ce yaya jikin maigidan. Ta ce da sauƙi, Yaya. Sannan ta tambaye ni ko na buɗe buhun. Na ce na buɗe. Ta ce to, ta kashe.

Washegari na hau mota ta Buza. Na tarar da Aliyo zaune a inuwar rudu, ƙafar a naɗe, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ban yi gardama da shi ba. Na ce tunda lafiyarsa lau, ba abin da majo zai rage masa in ya duba, kuma ni na baro aiki na zo, ba zai kunyata ni ba. Ya yi dariya ya ce Yaya ta zo da labaran duniya. Ya hau amalanke. Haka muka isa ɗakin nan da na fara da shi.

Majo ya soki yatsan hannun Aliyo ya ɗiga jinin a wata ƙaramar na'ura. Ya duba, ya sake sukar wani yatsan ya sake dubawa. Ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jiki. Sannan ya faɗi maganar da har yau ba ta bar kunnena ba.

"Rashin jin zafin nan shi ne ciwon. Sukari ya kashe jijiyoyin ƙafar, shi ya sa ƙaya ta shiga bai sani ba."

Abin da ƙanena ya riƙe a matsayin nasara, abin da ya nuna wa samari, ashe shi ne alamar ƙafar tana mutuwa. Na juya in ga yadda ya karɓi maganar. Ya riga ya sa igiyoyin salula a kunne.

Majo ya rubuta takarda ya ce mu wuce babban asibiti, ba da wasa ba. Kafin mu tashi dangi sun cika gida. Kawu Ada, ƙanen Inna, ya ce jifa ne, duk wanda ya gina rudu biyu a gari irin namu ai ya san akwai idanu a kansa. Ya ce kada a kai shi can, waɗannan mutanen ba su san komai ba sai yanka. Wata gwaggonmu ta ce a kira wanzami ya zuƙe mugun jinin. Wani ya zo da zuma, wani da rubutu. Na karɓi zumar da rubutun na yi godiya, domin da zuciya ɗaya suka kawo. A duk taron nan ban ji mutum ɗaya ya ce ƙafar ta ruɓe ba. Kowa wurin yake cewa.

Ba zan faɗi sunan babban asibitin ba. Mun isa da hantsi, muka zauna a benci har bayan azahar. A karɓi tikiti a nan, a kai jini can, a dawo a ce injin hoto ya lalace sai a cikin gari. Likita bai gan shi ba sai washegari. Kowace safiya akwai sabuwar takardar magani, rabin abin da ke ciki kuma sai a farmasin waje. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rashin bayani: ka tambaya a wuce ka kamar da bango kake magana. A cikin ma'aikatan nan kuma akwai wata mai wanke miki, kowa Madam yake ce mata, wadda ban san da me zan biya ta ba. Ba ta taɓa yamutsa fuska a kan warin ba. Ita ce ta ɗauki bik, wato biro, ta ja layi a fatar ƙafar, daidai inda baƙin ya tsaya, ta ce gobe za mu ga ko ya ƙetare.

Likita ya ce a cire yatsu biyu a kankare ruɓaɓɓen nama, akwai fatan a ceci sauran. Amma sai mai ƙafar ya sa hannu. Aliyo ya saurare shi da ladabi, ya yi masa godiya, ya ce a ba shi mako guda. Likitan ya ce ƙafar ba ta da mako guda. Aliyo ya ce shi ya san abin da yake yi.

Na roƙe shi. Inna ta roƙe shi, a irin roƙonta na kewaye-kewaye. Ya ce in ya sa hannu a takardar nan, da hannunsa ya yarda cewa shi majinyaci ne, kuma daga nan an gama. Ya yarda da allura da ƙarin ruwa, ya ce waɗannan ƙarin ƙarfi ne. Yanka ne bai yarda da shi ba. Ya lulluɓe ƙafar da zane, in za a wanke sai ya juya fuska bango da igiyoyinsa a kunne. Da safe kuma, a tsakiyar ɗakin majinyata, sai ya ɗaga murya ya ce shi Aliyo yana da lafiya, yana da motopom. Maƙwabtan gado, bayin Allah, su amsa da amin. Ni kuwa ina tsaye ina kallon Madam tana jan sabon layi sama da na jiya.

A makonmu na biyu a asibiti kuɗin hannunmu suka ƙare. Na sa aka buɗe rudu ɗaya aka sayar, a daidai lokacin da albasa ta cika kasuwa ba ta da daraja, abin da Aliyo ya gina rudun don ya guje masa. Masu saye sun san dalilin sayarwar, kuma farashin da suka bayar ya nuna sun sani. Ba mu gaya masa ba.

Layin ya tashi daga gindin yatsu zuwa tsakiyar ƙafa, daga nan ya kai idon sawu. Zazzaɓi ya zo, yana rawar sanyi cikin zafin bazara, wani lokaci yana kiran sunayen mutanen Abijan. Likita ya kira ni waje ya ce maganar yatsu ta wuce. Yanzu sai dai a yanke ƙasa da gwiwa, kuma in aka ƙara jira, ba maganar ƙafa za a yi ba. Da zazzaɓin ya sauka na faɗa wa Aliyo, kalma da kalma, yadda likita ya faɗa. Ya kama hannuna ya ce in daina ɗaukar maganar masu karya zuciya. Ya ce a ƙara masa kwana biyu.

Duk tsawon zamanmu a asibitin ban ji Hajara ta yi doguwar magana ba. Tana wanki, tana dafa abinci a bakin katanga tare da sauran masu jinya, tana zubar da fo. Ko sunan mijinta ba ta faɗa, sai dai baban Nana, da sunan ƴarsu. Washegari da safe Madam ta zo wanke miki, Aliyo ya juya bango kamar kullum. Sai na ga Hajara ta miƙe. Ta zare igiyoyin daga kunnensa, ta ɗauke salular ta soke a ƙugu. Ta sa hannu ƙarƙashin wuyansa ta ɗago kansa, kamar yadda ake ɗago yaro a ba shi magani, ɗaya hannun kuma ta yaye zanen.

"Baban Nana, duba. Ga layin ranar da munka zo. Ga na shekaranjiya. Ga na yau." Ba ta tsaya nan ba. "Ƙahwarka ta ruɓe. Na hwaɗa da bakina. In ni na jawo, na ɗauka, Allah shi tambaye ni. Amma sai ka duba."

Inna ta rufe fuska. Aliyo ya duba. A lissafin Hajara, rabonsa da kallon ƙafar tun ranar da ya tsaga takalmi. Ya bi layukan bik ɗin nan da ido ɗaya bayan ɗaya, har zuwa yatsun. Can ya ce, a hankali, kamar mai tambayar hanya:

"Wannan tawa ce?"

Ya ƙara kallo, sannan ya ce, "Yaya, kira likita."

An yi aikin a ranar. An yanke ƙasa da gwiwa.

Kwanakin da suka biyo baya sun zo da abin da ban yi tsammani ba. Mutumin da ƙafarsa ta ruɓe bai ji zafi ba, sai ga shi yana murƙususu yana cewa yatsunsa na hagu suna ƙuna, yatsun da babu su. Madam ta ce haka yake faruwa, zai lafa a hankali. Wannan ne karo na farko a cikin shekaru da na ji Aliyo ya ce wani abu yana yi masa ciwo. Na tausaya masa, kuma na ji sanyi a raina.

Dole in faɗi ɗaya gefen, don shi ma da idona na gani. Da ya yarda cewa ƙafar ta tafi, halin nan nasa ya dawo ya yi masa aiki. Ya koyi yi wa kansa allurar sukari tun kafin a gama nuna wa Hajara. Ya bar shayi mai sukari ba tare da ƙorafi ba. Shi ne ya fara miƙewa da sanduna a ɗakin, ya faɗi, ya tashi yana yi wa kansa tsiya cewa Alhaji Gawayi ya koma koyon tatata. Akwai wani dattijo a gadon kusa da ya daina cin abinci bayan nasa aikin, Aliyo ya dame shi da surutu har ya karɓi kunu. Likita ya ce irinsa sun fi saurin warkewa. Ya kuma ce da an sa hannu ranar farko, da wataƙila da ƙafafunsa biyu zai koma gida. Duka biyun shi ya faɗa.

Da na gaya masa an sayar da rudu ɗaya, ya tambayi wanda ya saya, ya ce Allah ya sa masa albarka. Kawu Ada har yau yana nan a kan bakansa. Ya ce ai ya faɗa, sun yanke. A hanyarmu ta komawa gida na tambayi Aliyo ko zai ci gaba da sauraron mutumin salula. Ya ce zai ci gaba, ba don shi ba da har yanzu yana dako a Abijan. Da muka wuce Buza ya ƙara da cewa shi mutumin bai taɓa ganin ƙafar ba, Hajara ce ta gani.

Ga wanda zai karanta: yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama ba dalili, miki a ƙafa da ba ya zafi, a je a auna sukari. Sukar yatsa ɗaya ce. In kuma kun je gaida marar lafiya ya ce da sauƙi, ku ce madalla, sannan ku nemi ganin wurin. Ina godiya ga majo da bai ɓoye mana ba, da Madam da bik ɗinta, da matan bakin katanga da suka riƙa ba Hajara itace. Waɗanda suka wuce mu ba amsa kuwa, Allah ya sa su gane nauyin da ke kansu.

Rudu na biyu ya kai damina kamar yadda Aliyo ya ce, an sayar da daraja. Ya sayi motopom, tsoho ne amma yana aiki. Zanen gawayin yana nan a bango. Kowace safiya bayan asuba yakan dogara da sanda ya tsaya gabansa ya faɗi abin da ya saba faɗa. In ya gama sai ya zauna a bakin gado, Hajara ta cire masa takalmin dama, ta duba tafin da tsakanin yatsu, ta faɗi abin da ta gani da murya yadda zai ji. Makon jiya ta ga ɗan tsagewa a dunduniya, ta faɗa. Kafin hantsi suna gidan likita.